Mai Ƙara da Bakinta a Gaban Alƙali

Tun zamanin Daular Sakkwato, kotun alƙali wuri ne da mutum ke zuwa da bakinsa. Alƙali na zaune a zaure, muhuti na gefensa, ga Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim a gabansu. Mai ƙara ya faɗi da'awarsa, wanda ake ƙara ya amsa ko ya musa, a nemi shaidu, in babu a koma ga rantsuwa. Matar kulle ko maras lafiya tana iya naɗa wakili, amma wakilin nan yayanta ne ko kawunta, ba wanda ya mai da magana sana'a ba.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba su rushe wannan tsari ba. Sun sa shi ƙarƙashin En'e, suka hana lauya taka ƙofar kotun, a 1934 kuma aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano da malamai daga Sudan. Ko bayan da gwamnatin soja ta karɓe kotunan daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, hanin bai tashi ba, sai bayan tsarin mulkin 1979. Saboda haka iyayenmu da kakanninmu mata da suka nemi 'ya'yansu a kotu, da kansu suka yi.

Abin da ke damuna shi ne yawancinsu sun je ba su san abin da littafin da ke gaban alƙali ya ba su ba. A al'ada, in aure ya mutu, da an yaye yaro sai uba ya aiko a ɗauko shi, a miƙa wa kishiya ko gwaggo. "Ɗa na uba ne," in ji mutane, uwa kuma kunya ta rufe mata baki, musamman a kan ɗan fari. Mazhabar Malikiyya ba haka ta ce ba. Riƙon ɗa namiji na uwa ne har ya balaga, na 'ya mace har ta tare a gidan miji, ci da sha da sutura kuma suna wuyan uba. In uwa ta kasa, mahaifiyarta ce ke biye, sannan 'yar'uwarta. Akwai mata da dama a layi kafin a iso kan uba.

Hukuncin riƙo kuma ba a kulle shi har abada, yana bin halin da ake ciki. Uwar da ta auri bare ga yaron, ta tare, haƙƙinta ya faɗi, ko wannan auren ya mutu ba ya dawowa. Wadda ciwo ya sa ta saki yaron kuwa, in ta warke tana iya dawowa ta nema. Wanda riƙo zai koma hannunsa, in ya san uwar ta yi aure ya yi shiru har shekara ba da uzuri ba, shi ma ya rasa bakin magana. Na taɓa jin wata dattijuwa a unguwarmu, wadda ba ta yi boko ba, ta karɓo jikarta da wannan hujja ta shekara guda. A makarantar dare ta ji ta.

Tun da Zamfara ta soma a 1999, jihohi da dama sun mai da kotunan nan kotunan shari'ar Musulunci, lauyoyi kuma sun cika harabarsu. Amma kuɗin lauya ya fi ƙarfin yawancin zawarawa, don haka har yau mace kan yanki sammaci, ta zo da shaidu biyu, ta tsaya ta ce, "Allah ya gafarta Malam, yarana nake nema." Kafin ya yanke hukunci, dole alƙali ya yi izari, ya tambayi kowane ɓangare ko akwai sauran magana ko hujja. In bai yi ba, kotun ɗaukaka ƙara na iya soke hukuncin, kuma mai ƙara tana da ikon tuna masa.