Asalin Biskit Mai Ɓarɓashin Cakulan: Dace Ko Gwaninta?

Labarin da ya fi yaɗuwa a Amurka shi ne wai bisa kuskure aka ƙago wannan biskit. An ce wata mata ce ta daddatsa cakulan ta zuba cikin kwaɓin fulawa da zaton zai narke, sai ya ƙi. Amma in an bi diddigi, wannan zance ba shi da tushe.

Matar ita ce Ruth Wakefield, wadda ta buɗe gidan abinci na Toll House tare da mijinta a garin Whitman, jihar Masacusets, cikin 1930. Ta yi karatun kimiyyar kula da gida, har ta koyar da shi. Mai irin wannan ilimi kuwa ba ta rasa sanin halin cakulan cikin tanda ba. Ita da bakinta ta bayyana cewa da niyya ta yi. Dā ma tana gasa wani biskit mai ɗanɗanon man shanu da jan sukari, watau dangin alewar tofi da masu gashi a gida ke barbaɗawa a yau, sai ta nemi sabon salo.

Tsarin haɗin ya fito cikin littafinta na girke-girke a bugun 1938, daga baya kamfanin Nestlé ya riƙa buga shi a jikin kayansa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu iyalai suka dinga aika wa sojoji biskit ɗin, ya game ƙasa. Ruth ta rasu a 1977, gidan kuma gobara ta cinye shi a 1984.