Yadda Za Ka Zaɓi Kifin Ado Mai Juriya Da Zaman Lafiya Don Ƙaramin Tanki

Kifin ado shi ne ƙananan kifaye masu launi da ake kiwo a tankin gilashi domin ƙawata falo, shago ko ofis. Da yawa kan yi asarar kuɗinsu tun makon farko, don kawai sun bi kyan launi sun haɗa kifayen da ba sa zama wuri ɗaya. Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa abu uku: iya girman da kifin zai kai, halinsa da sauran kifaye, da irin zafin ruwan da yake jurewa.

Kifayen da suka dace da tanki mai lita 60

Gofi: Asalinsa Kudancin Amurka. Namiji bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, mace takan kai 6. Yana son ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 28. Ba ya saka ƙwai, haihuwa yake yi, kusan duk bayan mako huɗu. Ka sa mata biyu ga kowane namiji, in ba haka ba mazan za su takura wa matan. Yana cin tsutsar sauro, kuma shi ya fi sauƙi ga ƙungiyar da ke son hayayyafa kifi don sayarwa.

Filati: Daga Meziko da Amurka ta Tsakiya. Yakan kai santimita 5 zuwa 6, shi ma haihuwa yake yi. Ba shi da faɗa, ba ya tsirfar abinci.

Zebura daniyo: Daga Indiya da Bangaladash, mai ratsi a jiki. Yana jure sanyi har digiri 18, don haka hunturu ba ya damunsa sosai. Kifin garke ne, ka saya shida ko fiye.

Koridoras: Ɗan ƙaramin dangin tarwada ne daga Kudancin Amurka, a ƙasan tanki yake zama. Yana iya tasowa ya haɗiyi iska, abin da ke taimaka masa in wuta ta ɗauke. Ka zuba masa yashi mai laushi, domin tsakuwa mai kaifi tana cinye masa gashin baki. Shi ma shida ake sa wa.

Ba duka za ka haɗa ba. Gofi shida da koridoras shida sun ishi lita 60.

Waɗanda za ka kauce wa

Tarwada da ƙarfasa na kududdufi ne, ba na gilashi ba. Tarwada za ta haɗiye duk abin da ya shiga bakinta, ƙarfasa kuma ta tone yashi ta kori na ƙasa da ita. Oska yakan kai santimita 30, yana cin ƙanana. Taiga bab yana cizon jelar gofi. Mazan beta biyu faɗa za su yi har ɗaya ya mutu. Kifin gwal kuwa ruwan sanyi yake so, ga yawan kashi. Kiribensis, wanda asalinsa kudancin Najeriya da Kamaru ne, yana da juriya, amma da ya fara gadin ƙwai sai ya hana kowa sakat a ƙaramin tanki.

Kafin da bayan saye

Kashin kifi yana fitar da amoniya mai guba. Ƙwayoyin halittar da ke karya ta sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a matatar ruwa, saboda haka ka fara da kifi uku ko huɗu, ka riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Kada ka sayi kifi mai fararen ɗigo a jiki, ko mai naɗe fiffike, ko wanda ke tanki ɗaya da mushe. In ka iso gida, ka sa ledar a saman ruwan tankin na minti 20 kafin ka sake shi.

Ruwan famfo ya kwana a buɗe ko ka sa masa maganin kilorin. Ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. Abinci kuwa, iya wanda za su cinye cikin minti biyu.

A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, iskar da ke cikin ruwa tana raguwa. Ka nisanta tankin da rana, ka tanadi famfon iska mai batir. In ka ga kifaye sun taru a sama suna buɗe baki, ka hanzarta canza wani kaso na ruwan. In kuma sun hayayyafa sun yi maka yawa, ka sayar ko ka kyautar, kada ka zuba su a kogi ko dam.