Fargabar ɗan kokowa: daga dandalin ƙauye zuwa takobin ƙasa

Tun kafin zuwan Turawa, kokowa wasan kaka ce a ƙasar Hausa. Idan an kai amfanin gona gida, samarin wani ƙauye sukan tafi wani ƙauyen neman abokan karawa. Abin da ɗan kokowa yake tsoro a wancan zamani shi ne kunya: a kayar da shi a gaban ƴan matan garinsu, a sa shi a waƙa. Amma wannan kunya ba ta wuce ƴan garuruwan da ke kewaye, kuma kaka mai zuwa yana iya ramawa.

Magabata ba su ɗauki faɗuwar gaba a matsayin aibi ba; abin da suka yi shi ne neman maganinta. Daren karawa malam yakan ba da rubutun sha, boka ya ba da na wanka. Da an isa fili, sai ɗan kokowa ya ɗaura guru da kambu da layu, makaɗi ya ɗauki takensa, shi kuwa ya ɗaga murya ya yi kirari. Kirarin nan aiki biyu yake yi: yana razana abokin karo, yana kuma kwantar da zuciyar mai yin sa.

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Daga nan nauyin ya sake kama. Wanda dā yake kare sunan gidansu, sai ga shi ɗauke da sunan jaha sukutum, manyan ƙasa na zaune, rediyo na kai labarin faɗuwarsa har ƙauyen da bai taɓa takawa ba. A yau jahohi 8 ke turo ƴan kokowa goma-goma, takobi kuwa ɗaya ne, kuma wanda ya faɗi sau ɗaya ya yi bankwana da shi sai baɗi.

Shi ya sa ake ganin ƙarfafa biyu sun daɗe suna kewaya juna, kowa na ɗari-ɗarin kai hannu, har alƙali ya yi musu gargaɗi. Ƴan kallo sukan ce ragwanci ne, alhali kuwa lissafi ne na wanda ya san kuskure guda zai rushe shirin shekara.

Layu sun ƙaru yayin da kyauta ta ƙaru, amma fargabar ba ta gushe ba. Malamai da shugabannin ƙungiyoyi masu kai yara gasa ya kamata su yi koyi da magabata: kada a ce wa yaro namiji ba ya tsoro, a koya masa yadda ake shiga fili tare da tsoron.