Yadda Zango Ya Yi Ta Raguwa Tsakanin Landan da Sidni

Tsakanin Landan da Sidni, birni mafi yawan jama'a a Ostareliya, akwai tazarar kilomita kusan 17,000 idan aka miƙe ta sama. Tazarar tana nan yadda take tun fil'azal. Abin da ya yi ta raguwa cikin ƙarni guda shi ne yawan wuraren da jirgi zai yada zango ya sha mai.

A 1919 gwamnatin Ostareliya ta sa kyautar fam 10,000 ga 'yan ƙasar da suka fara kawo jirgi daga Ingila cikin kwana 30. 'Yan'uwa biyu, Ross da Keith Smith, tare da makanikai biyu, suka tashi ranar 12 ga Nuwamba a jirgin Vickers Vimy, suka sauka Darwin ranar 10 ga Disamba. Da aka fara jigilar fasinjoji a 1935, tafiyar takan ci kwana 12 da ɗoriya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a Disambar 1947, kamfanin Qantas ya fara kai jirginsa Lockheed Constellation har Landan da fasinja 29. Yakan tsaya a Darwin, Singafo, Kalkata, Karaci, Alƙahira da Tarabulus, ya isa cikin kwana huɗu. Zuwan jirage masu injin jet ya rage zangon, har aka wayi gari tsayawa ɗaya ta wadatar, galibi a Singafo.

Wannan zango na ƙarshe shi ne ya gagara. Dalili kuwa nauyi ne: mai da kansa kaya ne, kuma jirgi yana ƙona mai wajen ɗaukar man da zai ƙona a gaba. Duk abin da aka ƙara a tanki, sai an rage a fasinja ko kaya. A Agustan 1989 wani Boeing 747-400 na Qantas ya yi tafiyar ba tsayawa cikin awa 20 da minti 9, amma mutum 23 kacal ya ɗauka, kuma sai da aka ja shi da mota zuwa bakin titin tashi don tattalin mai. An nuna abin zai yiwu, sai dai jirgin da kusan babu kowa a kujerunsa ba ya kawo riba.

Gangar jiki marar nauyi da injuna masu tsimin mai su suka sauya lissafin. A Maris na 2018 Boeing 787-9 ya fara haɗa birnin Perth na Ostareliya da Landan kai tsaye, kilomita kusan 14,500 cikin awa 17. A 2022 Qantas ya yi odar Airbus A350-1000 guda 12 masu ƙarin tanki domin Sidni da Landan. Kujera 238 kawai aka tsara wa kowanne, ƙasa sosai da abin da irin jirgin ke ɗauka. Ko a sabon jirgin ma, da kujeru za a biya kuɗin tsallake Singafo.