Mayun 2007: Meziko da Kano

Maƙalar wannan makon ta taɓo wuri mai ƙaiƙayi, a yi haƙuri da ni.

Ranar 6 ga Mayu, 2007, wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Spencer Tunick, ya tara mutum wajen 18,000 a dandalin Zocalo na birnin Meziko, ya ɗauke su hoto tsirara. Masu yabonsa sun ce fasaha ce, wai idan jikuna suka kai dubbai sai su daina zama na wane ko wance, su koma kamar tulin yashi. Ni dai ban gamsu ba, kuma addininmu bai bar wannan ƙofar a buɗe ba. Sai dai kowa a wurin da ƙafarsa ya je, ba wanda aka yi wa dole.

A cikin wannan watan, a nan Kano, hukumar A Daidaita Sahu ta cinna wa tarin littattafan soyayya wuta, bisa hujjar suna ɓata tarbiyya.

Dama Kano ta daɗe tana ajiye harkar hoto a bayan ganuwa. Silimar Rex a Sabon Gari aka buɗe ta a 1937, Plaza kuma tana Fagge. Da aka gina Palace a cikin birni, sai da aka kai ruwa rana. Amma wayar hannu ba ruwanta da ganuwa. A watan Agustan 2007 wani bidiyon sirri na wata jarumar fim ya bazu. Wanda ya yi zaman majalisa a Fagge a lokacin zai tuna yadda ake tura shi ta Bluetooth, ana tir ana kallo. Ita aka tsine wa, namijin kuwa da ƙyar ake ambatonsa. Wa ya yaɗa shi, da izinin wa? Kusan ba wanda ya tambaya, alhali tonon asiri shi ma haramun ne.

Mu ma abin bai bar mu ba. An naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida. A 2008 aka ce marubuta ma kowa ya je ya yi rajista da hukumar, mu da ba mu riƙe kyamara ba.