Asalin Kwal ɗin Inugu

Yaron da ya tashi a GRA ta Katsina ya san gawayi, ya san gas, amma da wuya in ya taɓa sa kwal a ido. Alhali gyaɗa da audugar da kakanninsa suka noma, in an kai su tashar Funtuwa, jirgin da ke jan su kwal yake ci. Shi kwal baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, yana kama wuta, ya fi gawayi daɗewa.

A 1909 wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano shi a tsaunukan Udi, can ƙasar Ibo. Turawa suka yi murna, don a lokacin daga Ingila ake kawo kwal ɗin jirage. Aka fara haƙa a 1915, aka ja dogo daga Fatakwal, ya isa wurin a 1916. Leburori suka yi ta zuwa suna kafa bukkoki a gindin tsauni, masu sayar da abinci suka biyo su, Hausawa fataken shanu su ma suka sauka. Da haka Inugu ta zama gari. Har ma magajin garinta na farko, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato.

Aikin rami kuwa ba daɗi. Mutum ya yini a duhu a sunkuye, ga zafi, ga ƙura, lada kaɗan. Ran 18 ga Nuwamba 1949 mahaƙan ramin kwal na Iva Valley a Inugu suna yajin aiki kan kuɗinsu, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe musu wuta, mutum 21 suka mutu. Wannan ta'asa ta ƙara wa masu neman 'yancin kai ƙarfi ƙwarai.

Daga baya jirage suka koma shan dizal, yaƙin basasa ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramuka, kasuwar kwal ta mutu.

Daga Katsina, Inugu ba tafiyar yini guda ba ce. Amma in harka ta kai ka can, ka ware Asabar ɗaya ka hau tudun Milliken, ka gangara Iva Valley, ka tsaya a mutum-mutumin mahaƙan da ke kusa da New Market. Tsofaffin ramukan dai kada ka shiga, rufinsu yana ruftawa.