Asalin Gidan Ɗantata

Idan aka ambaci gidan Ɗantata a Kano, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne dalar gyaɗa da zamanin Turawa. Wanda ya tsaya nan kuwa bai kai ga saiwar gidan ba, domin tun Bature bai taka ƙasar Hausa ba kakanninsu ke ɗaura wa jakuna kaya suna bin hanyar Gwanja.

Su dai Agalawa ne. Agalawa asalinsu daga arewa suke, wajen ƙasar Buzaye, suka gangaro ƙasar Katsina da ta Kano, suka zama Hausawa, suka riƙi fatauci sana'a. An ce wani attajiri da ake kira Baba Talatin shi ya taso da iyalinsa daga Katsina ya sauka Madobi. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi, ya zama madugu, ya kafa gida a Bebeji, garin da ke kan hanyar ayarin goro. A nan aka haifa masa Alhassan a 1877.

Yaro bai kai shekara goma ba Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, ta tashi ta koma Akara, a ƙasar da ake kira Gana yau. Ta bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Tsohuwar nan ita ta ci gaba da renonsa, har mutanen gari suka daina jingina shi ga ubansa, sai dai ka ji ana cewa ɗan Tata. Sunan ya bi shi, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa. Wannan wuri ya cancanci a tsaya a kansa. Mu in za mu jero salsala, wane ɗan wane muke cewa, maza zalla. Takardun kamfanonin Turawa da na En'e su ma maza suka rubuta, masu sa hannu da masu biyan haraji. Ga shi kuwa gidan da ya fi kowane gida suna a kasuwancin Arewa, sunan baiwa yake amsawa. Duk mai neman asalin gidansu da gaske, sai ya zauna gaban tsofaffin matan gidan ya tambaya: wa ya goyi wane, wa ya shayar da shi, daga wane gari aka kawo amarya.

Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, an ce Alhassan na cikin waɗanda aka kama, sai da aka biya fansa ya kuɓuta. Daga nan ya kama sana'ar gado, wato fataucin goro. Goro kaya ne mai son lallashi. A jera shi cikin ganye a ɗaure huhu, a riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa don kada ya shafi sauran, ga tafiya ta watanni. Alhassan ya duba ya ga akwai hanya mafi sauƙi, ya riƙa loda goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, daga can a hauro da shi Arewa.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, gyaɗa ta yi daraja. Turawan kamfani suna da kuɗi, amma ba su san ƙauyuka ba, manoma kuma ba su san su ba. Alhassan ya san kowa, yana da yaran da ya amince da su tun zamanin ayari. A 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauke shi yana saya masa gyaɗa. Yakan ba yaransa jari tun kaka ba ta yi ba, su bazu da sikeli da buhuna, su tattaro. Har yanzu ana ba da labarin yadda ya kai raƙuma ashirin ɗauke da kuɗin azurfa ajiya lokacin da aka buɗe banki a Kano a 1929. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma.

'Ya'yansa suka ci gaba da riƙon gida, cikinsu har da Ahmadu da Sanusi da Aminu, wanda ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. Sanusi ya haifi Mariya, ita kuma ta haifi Aliko Ɗangote a 1957. Mahaifin Aliko ya rasu yana ƙarami, ya tashi a hannun kakansa Sanusi, kuma a wurin dangin uwa ya sami jarin da ya fara juyawa, kafin a kai ga simintin Obajana da matatar man Lekki.